Daga Iska Zuwa Rumbu: Yadda Ganye Ke Haɗa Sukari a Gonakin Geza

Ƙaramar hukumar Bagudo, wadda garin Geza ke cikinta, tana kudu maso yammacin Jihar Kebbi, inda Nijeriya ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin, kuma da yake Kogin Kwara ya ratsa ta, gonakinta iri biyu ne: akwai fadamu da ruwa ke kwanciya a kansu, inda ake noman shinkafa, akwai kuma tudu inda ake shuka gero da dawa da masara da wake. Manomin wannan yanki ya san tun yana yaro cewa gero ya fi shinkafa jure ƙishi da zafin rana, ya kuma san cewa gonar da ciyawa ta rufe ba ta cika rumbu, amma dalilin waɗannan abubuwa yana ɓoye ne a cikin ganye, a wani aiki da masana kimiyya ke kira fotosintesis, wato yadda koren tsiro ke amfani da hasken rana ya haɗa iskar kabon-dayoksaid da ruwa, ya mayar da su sukari, ya kuma saki iskar oksijin wadda mutum da dabba ke shaƙa.

Abin da ya kamata a fara fahimta, kuma shi ne ya fi ba mutane mamaki, shi ne cewa mafi yawan nauyin da ke cikin buhun shinkafa ko damin gero daga iska ya fito. Idan aka busar da tsiro har ruwan jikinsa ya ƙare, fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da ya rage, a yawancin tsirrai, sinadarai uku ne, wato kabon da oksijin da haidirojin, kuma kabon kaɗai ya kai kusan kashi 45, alhali kuwa wannan kabon ɗin ta ganye tsiro ya ɗauko shi. Duk wanda ya taɓa ganin tarin kara ya ƙone ya ga shaidar haka da idonsa, domin abin da ake ɗorawa jaki da ƙyar yakan koma toka 'yar kaɗan, kuma tokar nan ita ce kusan dukkan ma'adinan da saiwa ta tsotso daga ƙasa, sauran kuwa ya koma iskar da ya fito. Karan shinkafa da ɓuntunta sukan bar toka da ɗan yawa, saboda shinkafa tana tara sinadarin silika a jikinta fiye da yawancin amfanin gona.

Gano wannan gaskiya ya ɗauki masana fiye da ƙarni guda da rabi. Jan Baptist van Helmont, wani likita daga ƙasar da a yau ake kira Beljiyam, ya dasa bishiyar wilo mai nauyin kilo 2.3 a cikin busasshiyar ƙasa kilo 91, ya shayar da ita ruwa kawai har shekara 5, sai ya tarar bishiyar ta kai kilo 77, ƙasar kuwa ba ta ragu da fiye da giram 57 ba, kuma an buga sakamakon a 1648 bayan rasuwarsa. Shi ya ɗauka ruwa ne ya zama itace, wanda rabin amsar ke nan. A 1771 Joseph Priestley a Ingila ya nuna cewa reshen na'a-na'a yana gyara iskar da kyandir ya ƙone a cikinta har ya mutu, a 1779 Jan Ingenhousz, ɗan ƙasar Holan, ya tabbatar da cewa tsiro ba ya yin wannan gyara sai da haske, sannan a 1804 Nicolas-Théodore de Saussure na birnin Janiba ya auna komai da ma'auni, ya nuna cewa ƙarin nauyin tsiro yana zuwa ne daga kabon-dayoksaid da ruwa tare.

Ƙofofin ganye da cinikin ruwa

Kabon-dayoksaid kaɗan ce ƙwarai a cikin iska, domin ba ta wuce kashi 0.04 cikin 100 da yawa ba, yayin da oksijin ta kai kashi 21, don haka dole ne ganye ya buɗe kansa ga iska tsawon yini kafin ya tara abin da zai ishe shi. Yana yin haka ne ta wasu ƙananan ƙofofi da ke fatarsa, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma, kowace ƙofa kuma ƙwayoyin halitta biyu ne ke tsaronta, idan sun cika da ruwa su kumbura ƙofar ta buɗe, idan ruwa ya yi ƙaranci su saki ta rufe. Matsalar ita ce ƙofar da kabon-dayoksaid ke shiga ita ce kuma tururin ruwa ke fita, kuma abin da ke fita ya ninka abin da ke shiga sau ɗaruruwa. Wanda ya shiga gonar dawa da tsakar rana bayan kwana goma ba a yi ruwa ba zai ga ganyen ya nannaɗe, ya yi tsini sama, launinsa ya ɗan yi fari-fari. A wannan lokaci tsiron ya rufe ƙofofinsa don ya tsira da ransa, aikin haɗa sukari kuma ya kusa tsayawa cik duk da cewa rana na kan ganiyarta. Shi ya sa fari na 'yan kwanaki, idan ya faɗo lokacin da hatsi ke yin ido, yakan bar manomi da zangarniya marar nauyi ko da ruwan ya dawo daga baya.

A cikin ƙwayoyin halittar ganye akwai wasu ƙananan jikkuna koraye da ake kira kuloroplas, kuma a nan ne aikin ke gudana, cikin matakai biyu masu dogaro da juna. A mataki na farko, sinadarin kulorofil, wanda ya fi tsotse jan haske da shuɗi ya bar kore ya dawo wa ido, yana kama ƙarfin hasken rana, da wannan ƙarfi kuma ake fasa ruwa a raba haidirojin da oksijin. Oksijin ɗin ita ce ke fita ta ƙofofin ganye, kuma Samuel Ruben da Martin Kamen na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili a Amurka ne suka kawo hujja a 1941 cewa daga ruwa take fitowa. Ƙarfin da aka kama ana adana shi na ɗan lokaci a cikin sinadarai biyu, ATP wanda ke ɗauke da kuzari, da NADPH wanda ke ɗauke da haidirojin, kuma har zuwa nan ba a taɓa kabon-dayoksaid ba tukuna.

Zagayen Calvin

Mataki na biyu shi ne zuciyar al'amarin, domin a nan ne iska ke zama abinci. An gano tsarinsa ne a wannan jami'a ta Bakili, tsakanin ƙarshen shekarun 1940 da tsakiyar shekarun 1950, a hannun Melvin Calvin da Andrew Benson da James Bassham, waɗanda suka yi amfani da wani nau'in kabon mai fitar da tiriri, kabon-14, wanda Kamen da Ruben suka gano a 1940, kuma wanda ake iya bin sawunsa duk inda ya shiga. Sukan ba wani gansakuka mai suna Chlorella kabon-dayoksaid mai wannan alama na 'yan daƙiƙoƙi, sai su zuba shi cikin tafasasshen sinadarin alkohol don komai ya tsaya nan take, sannan su bincika su ga a wane sinadari kabon ɗin ya sauka. Da suka riƙa rage daƙiƙoƙin, sai suka ga cewa mazauninsa na farko wani sinadari ne mai zarrar kabon uku a jikinsa, wanda ake taƙaita sunansa da PGA, kuma daga wannan lamba ce aka samo sunan C3 da ake kiran shinkafa da wake da gyaɗa da alkama da rogo da yawancin itatuwa da shi. An ba Calvin kyautar Nobel a fannin kimiyyar sinadarai a 1961.

Yadda zagayen ke tafiya shi ne, a cikin kuloroplas akwai wani sinadari mai kabon biyar, RuBP, wanda aikinsa karɓar baƙo. Wani inzayim, wato furotin da ke sa haɗuwar sinadarai ta yi sauri, mai suna Rubisco, shi ke kama molekul ɗaya na kabon-dayoksaid ya liƙa shi a jikin RuBP, abin da ya samu mai kabon shida kuma ba ya daɗewa sai ya rabe biyu, kowane ɓangare da kabon uku. Daga nan sai a kashe ATP da NADPH da aka tara a matakin haske, a mayar da waɗannan ɓangarori wani ƙaramin sukari mai kabon uku da ake kira G3P. Idan molekul uku na kabon-dayoksaid suka shiga, ana samun G3P guda shida, amma guda ɗaya tak ke fita a matsayin amfani, sauran biyar ɗin kuwa, masu kabon goma sha biyar a jimlace, ana sake tsara su ta hanyar matakai da dama su koma RuBP guda uku, don a sami abin karɓar iskar da ke tafe. Lamarin ya yi kama da na ɗan kasuwar da ke mayar da uwar kuɗi cikin sana'a kullum, ya ci riba kaɗai. Kuɗin wannan riba guda ɗaya shi ne ATP 9 da NADPH 6, kuma sai an haɗa G3P biyu ake samun sukari mai kabon shida irin gulukos. Tsofaffin littattafai sukan kira wannan mataki aikin duhu, sunan kuwa yana ɓatar da ɗalibi, domin zagayen ba ya tafiya sai da abin da matakin haske ya samar, wasu daga cikin inzayim ɗinsa ma haske ne ke tayar da su.

Sukarin da aka samu yana bin hanya biyu. Wani kaso ana dunƙule shi ya zama sitaci a cikin ganyen, a narkar da shi da dare lokacin da babu rana, wani kason kuma ana mayar da shi sukuros, wato irin sukarin da ake zubawa a shayi, a tura shi ta jijiyoyin tsiro zuwa saiwa da sabon toho da fure da 'ya'ya. A rake da takanɗa sukuros ɗin yana taruwa a cikin kara yadda yake, shi ya sa ake tatsar mazarƙwaila daga rake. A rogo da dankali yana sauka ƙasa ya zama sitaci. A shinkafa da gero kuwa yana hawa zangarniya. Idan aka matse ƙwayar shinkafa kwanaki kaɗan bayan ta yi fure, wani farin ruwa mai kama da madara zai fito, wanda shi ne sitacin da bai gama daskarewa ba, kuma mafi yawansa daga ganyayen sama yake zuwa, musamman ganye na ƙarshe da ke ƙarƙashin zangarniya. Wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, a wannan hanya take yi wa gero da dawa da masara ɓarna, domin tana manne wa saiwarsu tun tana ƙarƙashin ƙasa, ta riƙa zuƙar ruwa da abincin da ganye ya sha wahalar haɗawa, ta kuma rage wa tsiron ƙarfin haɗa wani, tun kafin manomi ya ga furenta.

Inda gero ya bambanta da shinkafa

Rubisco, duk da cewa ana ɗaukarsa furotin mafi yawa a doron ƙasa, yana da aibi biyu. Na farko shi ne jinkiri, domin molekul 'yan kaɗan yake iya kamawa a daƙiƙa guda, inda wasu inzayim ke sarrafa dubbai, saboda haka tsiro yake tara shi da yawa, har yakan cinye kusan rubu'in naitirojin da ke ganyen tsiron C3. Wannan ne ya sa shinkafa ke amsa takin yuriya, wanda kashi 46 cikin 100 nasa naitirojin ne, ya kuma sa ganyen da ya rasa taki ke yin rawaya. Aibi na biyu ya fi muni, domin Rubisco ba ya bambancewa sosai tsakanin kabon-dayoksaid da oksijin, kuma duk lokacin da ya kama oksijin bisa kuskure, ana samun wani sinadari da dole tsiro ya kashe kuzari wajen gyara shi, a wajen gyaran kuma ya yi asarar wani ɓangare na kabon da ya riga ya kama. Wannan asara takan kai rubu'in kabon da tsiron ya kama, ta kuma ƙaru idan zafi ya ƙaru ko ƙofofin ganye suka rufe, wato dai a irin yanayin da manomin Kebbi ke aiki a cikinsa.

Gero da dawa da masara da acca da rake suna da wata dabara ta kauce wa wannan asara. Binciken Hugo Kortschak a kan rake a tsibirin Hawai, da na Marshall Hatch da Roger Slack a birnin Birisben na Ostireliya wanda aka buga a 1966, ya nuna cewa a irin waɗannan tsirrai mazaunin farko na kabon sinadari ne mai kabon huɗu, abin da ya sa ake kiransu C4. A ganyensu an raba aikin tsakanin ƙwayoyin halitta iri biyu. Na waje, waɗanda ke kusa da iska, suna da wani inzayim dabam mai sauri wanda ba ya kama oksijin ko kaɗan, shi ke karɓar kabon ɗin ya mayar da shi sinadari mai kabon huɗu. Daga nan sai a tura wannan sinadari zuwa wasu ƙwayoyin halitta na ciki da suka kewaye jijiyar ganye, inda ake sake sakin kabon-dayoksaid a daidai wurin da aka killace Rubisco. Da yake iskar ta taru a wurin ninki da yawa fiye da yadda take a waje, kusan duk abin da Rubisco ya kama daidai ne, zagayen Calvin kuma ya ci gaba yadda aka bayyana. Dabarar tana cin ƙarin ATP biyu a kan kowane molekul, wanda a ƙasa mai sanyi da ƙarancin rana hasara ce, amma a ƙasar Hausa riba ce babba, domin tsiron ba ya bukatar buɗe ƙofofinsa sosai, yana kashe kusan rabin ruwan da tsiron C3 ke kashewa kafin ya haɗa nauyi iri ɗaya, yana kuma wadatuwa da Rubisco kaɗan, wato da naitirojin kaɗan. Tsirrai masu wannan tsari kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai na nau'o'in tsirrai masu fure, amma su ke yin kusan rubu'in dukkan fotosintesis da ake yi a kan tudu a duniya.

Ba abin mamaki ba ne, saboda haka, cewa gero, wanda masu binciken kufai suka sami shaidar nomansa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali tun kimanin shekara 4,500 da suka wuce, shi ne ya riƙe mutanen Sahel tsawon zamani. Amma wannan fifiko yana ga ciyayi ma, domin tofa da kiri-kiri da burgu duk C4 ne, don haka a gonar shinkafa ko ta wake sukan fi amfanin gona saurin girma, su sha gabansa zuwa haske, kuma noman firi da aka makara da shi asara ce da maimai ba ya iya mayarwa gaba ɗaya. Abin takaici ne a ce ɗalibin sakandare a Bagudo ko Ka'oje ko Illo yana haddace lissafin fotosintesis don jarrabawa kawai, alhali mafi kyawun misalan darasin suna bayan gidansu, a gonar da gero ke tsaye a sama wake na yaɗo a ƙarƙashinsa yana amfani da hasken da ya tsallake.

Shinkafar Kebbi tsakanin rana da ruwa

Noman shinkafa na rani ya bunƙasa a Kebbi, musamman bayan da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi cikin Nuwambar 2015, kuma akwai dalilin kimiyya da ya sa shinkafar rani ke iya fin ta damina yawan amfani idan ruwa da taki sun wadata: sararin sama ba girgije, ganye yana samun haske mai yawa a lokacin da ƙwaya ke cika. Sai dai ƙurar hunturu tana rage wannan haske, sanyinsa yana hana shukar girma da wuri, idan kuma aka makara har fure ya faɗo cikin zafin Maris da Afrilu, zafin da ya wuce digiri 35 yakan lalata garin fure a sami holoƙo da yawa. Zafin dare ma yana da nasa lahani, domin tsiro yana numfashi dare da rana yana ƙona sukarin da ya tara, kuma wani bincike da Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke Filifin ta fitar a 2004 ya nuna cewa amfanin shinkafar rani ya ragu da kusan kashi 10 cikin 100 a kan kowane digiri ɗaya na ƙarin zafin dare.

Ambaliya, irin wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi a daminar 2020, tana kashe shuka ta wannan fuska ita ma, domin iska tana ratsa ruwa a hankali fiye da yadda take ratsa sarari har sau 10,000, ruwan kuma idan ya yi laka yana tare haske, sai tsiron da ya nutse ya cinye ajiyarsa ya mutu da yunwa. Shinkafar Afirka ta asali, wadda aka fara nomawa a fadamun Kogin Kwara na ƙasar Mali kimanin shekara 3,000 da suka wuce, tana da nau'o'in da ke miƙa kara suna bin ruwa yayin da yake hawa, don ganyensu ya ci gaba da taɓa iska. Irin FARO 66 da FARO 67, waɗanda aka amince da su a Nijeriya a 2017 bayan aikin Cibiyar Shinkafa ta Afirka tare da Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi, akasin haka suke yi, domin suna dakatar da girma su tattala sitacinsu har kusan mako biyu a ƙarƙashin ruwa, sannan su farfaɗo idan ya janye.

Tun 2008 masana daga ƙasashe da dama ke ƙoƙarin dasa tsarin C4 a cikin shinkafa, aikin da cibiyar Filifin ta fara jagoranta, kuma yana da wuya ƙwarai, domin bayan ƙara sababbin inzayim sai an sauya ginin ganyen kansa, jijiyoyinsa su matso kusa da juna kamar na dawa, shi ya sa har yanzu aikin bai fita daga ɗakin bincike ba. A halin da ake ciki iskar kanta tana canzawa, domin kabon-dayoksaid ta tashi daga kimanin kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa fiye da 420 a yau. Wannan ƙari yana taimaka wa shinkafa da wake fiye da gero da dawa, waɗanda tun asali suke tara wa kansu iskar, amma ƙarin zafin da ke tafe da shi yana cinye wani ɓangare na ribar. Gwaje-gwajen da aka yi a gonakin Japan da Sin, waɗanda aka buga sakamakonsu a 2018, sun kuma nuna cewa shinkafar da ta girma cikin iska mai yawan kabon-dayoksaid tana ɗauke da ƙarancin furotin da sinadarin ƙarfe da zink da wasu nau'o'in bitamin B, lamarin da ya fi shafar gidajen da tuwon shinkafa ne babban abincinsu, kuma ba kullum suke samun nama ko kifi ko wake da za su cike giɓin ba.